Ɗakin Wankin Baba Mai Hoto

Duk wanda ya taso a unguwar, in dai yau furfura ta fara fito masa, da wuya a ce Baba Mai Hoto bai taɓa ce masa "ɗaga haɓa kaɗan" ba. Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai faci da kantin magani. A ciki akwai labule mai zanen jirgin sama, da wani mai zanen lambu, da tukunyar furen roba, da wata tsohuwar wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba. Samari sukan kara ta a kunne su sha mur, kamar da wani babban mutum suke magana, shi kuwa ya leƙo ta bayan kyamara ya ce, "In kun gama ka ce ina gaishe shi." Sai yaro ya tuntsire da dariya, a daidai nan zai danna. Ba ya son hoton mutum fuska a ɗaure, in ba na fasfo ba.

Gajere ne, siriri, mai saurin tafiya, faratansa sun rine sun yi ruwan ƙasa saboda maganin wanke hoto. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar. Da ita ya yi aure, da ita ya sayi fili a bayan layin, ya riƙa gina gida a hankali, bana a ɗora bulo, baɗi a yi rufi. Da aka gama, sai gidan ya tashi da sashensa shi da matarsa daga gaba, da ɗakunan haya biyar da suka zagaye tsakar gida, da bishiyar gwaiba a tsakiya, da famfo ɗaya a gindinta. 'Yan haya suna kiran matar Gwaggo, har sunan ya bi ta, shi kansa ya koma kiranta haka.

Can ƙarshen gidan, bayan banɗaki, akwai wani ɗan ɗaki marar taga. Shi ne ɗakin da ya fara ƙarasawa a duk gidan. Gwaggo takan ce ɗakin nan ya samu ƙofa tun ita tana rufe nata da tsohon zani. A nan yake wanke hotuna. Ya shafe bangon da baƙin fenti, ya sa an gina masa kwami biyu na siminti masu zurfi, ya ja bututun ruwa har ciki, ya ɗaura wayoyi daga bango zuwa bango, inda yake shanya hotuna da 'yan maƙalai na katako. Jan kwan fitila ɗaya a ciki, ɗaya a waje saman ƙofa. In na wajen yana kunne, ko baƙo ne ya zo daga nesa sai ya jira. 'Ya'yansa uku sun taso da sanin haka, ko ƙwallonsu ce ta gangara bakin ƙofar, sai dai su bar ta a can har Baba ya fito.

Sana'ar ba ta mutu a rana ɗaya ba. Da farko wani babban shago ya buɗe a cikin gari, mai injin da ke wanke hoto mai launi kafin mutum ya gama shan shayi. Baba ya riƙe masu son hoton fasfo da tsofaffin abokan cinikinsa. Daga baya waya ta shigo hannun kowa, har jikokin waɗanda ya ɗauka suna jarirai suka koma ɗaukar kansu da kansu, suna karkata kai suna turo baki. Wata rana ya wayi gari ya ga ya yi kwana da kwanaki ba wanda ya ɗaga labulen shagon sai mai neman canji. Ya kwashe kayansa, ya bar wa wani mai gyaran waya shagon. Kayan duk ya zuba su a ɗan ɗakin nan, ya datse da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun tsohuwar kwat ɗinsa.

Daga nan ya koma zaman benci a ƙofar gida da rediyo a kunne. Mutumin da aka sani da barkwanci ya zama mai ƙorafi. Kaza ta shigo, faɗa. An bar ƙofa a buɗe, faɗa. 'Ya'yansa maza biyu aiki ya kai su nesa, Auta, wato 'yarsa ta ƙarshe, tana aure a wani gari, sai Gwaggo ce ke shan mitarsa safe da yamma, tana amsawa da "to, Malam."

Su kuwa 'yan haya, damuwarsu famfo. Ranar hutun mako tun da sassafe tsakar gida take cika da baho da bokiti. Akwai Nas, ma'aikaciyar asibiti, wata doguwar budurwa marar son raini, mai fararen kayan aiki da ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kansu. Akwai Tela da matarsa, da tagwayen jariransu masu ɓata tsumma kamar don gayya. Akwai Direba, mai jan motar kaya, wanda in ya dawo daga tafiya yake juye jakar tufafi masu baƙin mai da ƙurar hanya. Sauran ɗakuna biyun ɗalibai ne, yau wannan gobe wancan. Igiyoyin shanya sun sarƙe daga taga zuwa gwaiba, daga gwaiba zuwa ƙusar bango, sai mutum ya sunkuya kafin ya kai banɗaki. Ruwan sabulu kuwa ya kwanta a ƙofar Tela har gansakuka ta fito.

"Baba, ka yi wa Direba magana," in ji Nas. "Wandonsa na ɗiga a kan rigata."

"Baba, ni na riga ta ɗaura igiyar," in ji Direba.

Amsarsa ɗaya ce kullum, ko rediyon ba ya ragewa: "Ku yi haƙuri da juna."

Ana nan, wata safiya Gwaggo ta fito da tire a hannu za ta kai wa maijego, matar Tela, ruwan zafi da kofuna. Santsin nan ya ɗebe ta. Ta kai hannu za ta dafa ƙasa, hannun ya karye a wuyansa. Ƙarar tiren ce ta shigo da Baba a guje, ƙafa ɗaya babu takalmi. Nas ta ɗaure hannun da mariƙin tsintsiya da ɗankwali, Direba ya tayar da mota, aka yi asibiti.

Washegari Auta ta iso. Ta duba uwarta, ta fita ta tsaya ta ƙare wa tsakar gidan kallo, sannan ta zo ta durƙusa kusa da bencin ubanta.

"Baba, ɗakin nan na baya fa akwai famfo a ciki, akwai kwami, akwai hanyar ruwa. Me zai hana a buɗe shi a riƙa wanki a can? Ni zan kawo injin wanki."

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Ɗakin da na ciyar da ku da shi za a mayar wurin wanke tsumman jarirai?"

"Ai da ma wanki ake yi a cikinsa, Baba. Da hoto, yanzu riga."

Bai yi dariya ba. Ya ƙara ƙarar rediyo. Auta ta yi kwanakinta ta koma gidanta, ba ta sake tayar da maganar ba, don ta san halin ubanta.

Da hannun Gwaggo a ɗaure, wanki ya taru. Matar Tela ta ce a ba ta, Nas ta ce a ba ta. Baba ya ce Allah ya kiyaye 'yan haya su wanke masa kaya, yana da hannu biyu lafiyayyu. Ya ɗauki baho ya fito ranar hutu, ya shiga layi a bayan Direba. Matar Tela ta ruga za ta karɓa, ya galla mata harara, ta koma.

Ya tsuguna. Kafin ya gama riga biyu gwiwoyinsa sun fara kuka. Bahon ɗalibi na zungurar nasa, ruwan dattin wani na bi ta ƙarƙashin ƙafarsa, rigar da ke shanye a sama na ɗiga masa a ƙeya. Da ya zo ɗauraya, aka ce sai wanda ke gaba ya cika bokiti uku. Ya jira. Da zai miƙe, bayansa ya ƙi, ya kai hannu ya kama gwaiba, ƙafarsa ta zame a daidai inda Gwaggo ta faɗi. Direba ne ya tallafe shi ta hammata. Shekara da shekaru yana kallon tsakar gidan nan daga kan benci, sai ranar ya gan ta daga ƙasa.

Da rana ta take, gida ya yi shiru, ya shiga ɗaki ya laluba aljihun kwat. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ya ɗiga masa man keken ɗinkin Tela. Da ƙofar ta buɗe, warin maganin nan mai kama da tsami ya bugi hancinsa, ashe yana nan bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Farantan wanke hoto na jere yadda ya bar su, na'urar haska fim tana lulluɓe da tsohon tawul, maƙalan katako na reto a jikin waya. Ya danna makunnin fitila, jan kwan ya kama.

Motsi ya ji a bayansa. Gwaggo ce, hannu rataye a wuya, tana leƙe.

"In shigo, Malam?"

A duk zamansu ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ya matsa mata. Ta shiga, ta juya hagu, ta juya dama, ta miƙa lafiyayyen hannunta ta taɓa bango.

"Ashe ɗan akurkin nan ne? A nan kake shigewa ka manta da mutane, abinci ya huce, yara su yi barci? Ni na ɗauka wata fada ce."

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidan. Da yamma ya ce wa Nas ta kira masa Auta a waya.

Kwashe kayan ya fi komai cin lokaci, don bai yarda kowa ya taya shi ba. Kowane abu sai ya goge shi, ya juya shi, ya tuna inda ya saya. A ƙarƙashin kwami ya tarar da kwalaye cike da hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Amare da angwaye, 'yan makaranta da sababbin takalma, 'yan ƙwallo a jere da kofi a gaba, tsofaffi zaune ƙiƙam hannu a gwiwa. Wasu tafiya ta ɗauke su, wasu sun manta, wasu ba su ji daɗin yadda suka fito ba. Bai iya zubarwa ba a da, yanzu ma bai iya ba. Ya jera kwalayen a baranda, ya rufe da leda.

Sai aiki ya kankama. Magini ya zo ya ce ɗakin wanki ba ya yiwuwa babu iska, dole a fasa taga. Baba ya fita ƙofar gida lokacin da aka ɗaga guduma, ya ce zai sayo batir. Da ya dawo, rana ta shigo ɗakin, ƙura na yawo a cikin hasken, baƙin bangon ya fito da duk tsagewarsa da tabonsa. Ɗaliban suka karɓi aikin fenti. Suka shafa fari, baƙin ya leƙo. Suka ƙara, ya sake leƙowa kamar fuskar da aka yi wa hoda a gurguje. Sai a shafi na uku ya haƙura. Mai gyaran wuta ya ɗaga soket sama, inda ruwa ba zai kai ba, ya cire jan kwan ya sa fari. Baba ya karɓi jan ya naɗe a hankici.

Mai aikin famfo magidanci ne mai ƙiba, ɗan unguwar, ba ya yawan magana. Ya faɗaɗa magudanar ruwan, ya haɗa ta da kwatar waje, ya ɗora tanki a kan rufi, ya fitar da baki guda na inji ban da na kwami biyun. Ran nan da ya zauna hutawa a baranda, iska ta yaye ledar da ke kan kwalayen. Ya miƙa hannu zai gyara, sai ya tsaya. Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa, sannan ya zaro wani hoto daga sama. Wani saurayi ne tsaye riƙe da keke, ƙafa ɗaya a kan feda, hula a karkace.

"Baba," ya ce, muryarsa ta canza, "wannan fa?"

Baba ya kai hoton kusa da ido. "Mai kai wasiƙu ne. Ranar da ya sayi keken nan ya zo, ko ledar sirdin bai cire ba. Ya tsayar da ni yana ta gyaran hula, na ce masa bawan Allah keken za a kalla ba kai ba. Ya ce zai dawo ƙarshen wata. Ka san shi?"

"Mahaifina ne."

Mai famfon ya kifa bokiti ya zauna a kai. Ya ce yana ƙarami uban ya rasu, ba su da hotonsa ko ɗaya, shi kansa fuskar ta ɓace masa, sai dai a ce masa ai kai ne sak. Ya riƙe hoton da hannu biyu yana kallo, ƙaton mutum, hawaye na bin kumatunsa. Baba ya nemo ambulan ya sa masa. Ranar aikin bai ci gaba ba, mutumin ya tafi kai wa tsohuwarsa.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu. Mutane suka fara sallama a ƙofar gida, wai an ce akwai hotunan da. Baba ya ɗauko wayoyin da ya cire daga ɗakin ya ɗaura a baranda, ya riƙa maƙala hotunan kashi kashi. Wata ta ga yayarta ranar aure, wani ya ga kansa da gashi cike da kai, ya riƙe sanƙonsa yana salati, mutane na dariya. Abin mamaki, Baba da ke manta inda ya ajiye tabarau, ba ya manta labarin hoto. Wannan an ara masa agogo ne. Wannan yarinyar kuka take, sai da aka ba ta furen roba. Bai karɓi komai a hannun kowa ba. Kwalayen suka yi ta raguwa, shi kuma bakinsa ya buɗe, ya koma Mai Hoton da aka sani.

Injin ya iso a bayan motar Direba, an ɗaure shi da igiya kamar rago. Mai baki biyu ne, ɗaya na wanki, ɗaya na matsewa. Tela ya auna shi da tef ya ɗinka masa riga da ragowar yadi, har da aljihu na sa burushi. Aka kafa sababbin igiyoyi a bayan ɗakin, inda rana ke faɗawa, aka kwance na tsakar gida. Aka kankare gansakukar ƙofar Tela. A karon farko cikin shekaru mutum ya iya ratsa gidan a miƙe.

Ranar gwaji kowa ya fito. Aka ba Nas girma ta fara, ta zuba fararen kayanta, inji ya kama ruri, tagwaye suka tsorata suka fashe da kuka. Ana cikin haka aka kira ta a waya ta fita. Direba ya leƙa, ya ga ruwa na ta juyawa ga wuri ya rage, ya ce ai asara ce, ya jefa jan tawul ɗinsa sabo. Da Nas ta dawo ta ɗaga murfi, kayan aikinta duk sun koma ruwan hoda.

Ta inda ta shiga ba ta nan take fita ba. Direba ya rantse bai san tawul na zuba ba, ta ce ina ya taɓa sanin wani abu ban da ham da birki. Matar Tela ta toshe baki da zani ta gudu ɗaki. Wannan karon Baba bai ce a yi haƙuri da juna ba. Ya ce Direba zai sayo farin yadi, Tela zai ɗinka, kuma daga yau ba mai taɓa injin nan sai ya sani.

Haka ya samu sabon aiki. Ya dawo da bencinsa daga ƙofar gida zuwa bakin ɗakin wanki. Ya raba ranaku, ya ba Nas safiyar da ba ta da aiki, ya ba matar Tela duk lokacin da ta so saboda tagwaye, Direba kuwa sai kowa ya gama, don a wanke injin bayansa. Sabuwar riga in ta zo, sai ya tsoma gefenta a ɗaya daga tsofaffin farantansa ya ga ko tana zuba. Agogonsa mai ƙararrawa, wanda da yake auna zaman hoto a ruwan magani da shi, ya koma gaya wa mutane wanki ya yi. Yakan laluba aljihun ɗalibai kafin a zuba, ya fito da biro da cingam da 'yan takardu, yana ta mita. In an ɗauke wuta, a koma kwami, mutum biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba tsuguno, ba ciwon baya.

Waɗanda suka zauna a gidan a shekarun nan har yau in sun haɗu zancen da suke yi ke nan. Wurin ya zama majalisa. A nan ake jin wa ya ci jarrabawa, wa aka yi wa ƙarin girma, wace hanya ce ta lalace. A nan tagwaye suka koyi tafiya, suna dafa injin yana girgiza su suna ƙyalƙyala dariya. Gwaggo, da hannunta ya warke, takan kawo shayi a fulas ta zauna tana ninke kayan kowa, ko an sa ta ko ba a sa ta ba. Ta so ƙwarai ta haɗa Nas da Direba, ganin tun rikicin tawul ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana, sai ya riƙo wa Nas ɗan wani abu. Har ta sa Baba ya matso da ranakunsu kusa. Abin bai yiwu ba. Aka yi wa Nas canjin wurin aiki, ta tafi tana kuka ta rungume Gwaggo, Direba ya kai mata kaya tasha, ya dawo ya yi kwanaki ba ya fira. Daga baya ya auri wata 'yar garinsu, mai kirki, ya koma gida mai ɗaki biyu.

A 'yan shekarun nan ne yanar ido ta rufe wa Baba gani, a hankali, har ya koma gane mutane da murya. Ya daɗe yana ɓoyewa. Ranar da ya zuba gishirin Gwaggo a inji a maimakon garin sabulu, babban ɗansa ya zo ya tafi da shi, aka yi masa aiki. Ya yi wata biyu a can, kullum yana tambaya a waya ko ana tsane injin bayan an gama.

Da ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya wuce baya. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallo da sababbin idanu, Tela da Gwaggo na bayansa. Can ya nuna kantar katako da ke jikin bango, inda ake ajiye sabulu da bula.

"Wane ne ya kafa wannan?"

Tela ya sosa ƙeya. "Kai ne, Baba. Da hannunka."

"A haka? Ai a karkace take kamar hular ɗan iska!"

"Tun ranar farko haka take."

"Shi ne ba wanda ya gaya min?"

"Mun ɗauka da gangan ka yi," in ji Tela, yana danne dariya, "don sabulu ya riƙa gangarowa wajen mai wanki."

Baba ya juya wajen Gwaggo. Ta kawar da kai tana gyara ɗankwali. Ya sake duban kantar, ya karkata kai ya bi ta, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya zauna a benci yana dariya har sai da Gwaggo ta ce ya yi a hankali kada ɗinkin idon ya warware. Tela ya ce bari ya ɗauko guduma a gyara. Baba ya ce a bar ta, tunda an saba.

Ya ƙara wasu shekaru a kan bencin nan. Ya rasu cikin damina, bayan gajeriyar jinya, Gwaggo ta koma wajen Auta. A tsofaffin 'yan haya Tela kaɗai ya rage, shi ke riƙe da makulli yanzu, gashinsa ya yi fari, tagwayen sun fi shi tsawo. An canza injin, an sake fenti, an cire tankin ƙarfe an sa na roba. Sababbin 'yan haya sukan zo da ƙusa da guduma su ce za su daidaita kantar, Tela ya ɗago daga kan keken ɗinkinsa ya ce su je su yi wankinsu.